Ni na tsara kundin haɗurra, kuma ni za a sa in bincike shi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni odita ne na cikin gida a wani kamfanin shigo da kaya a Apapa. Watanni takwas da suka wuce jami'in kula da haɗurranmu ya ajiye aiki, sai Oga ya ce in riƙe kafin a samu wani. Na zauna da shugabannin sassa muka tsara kundin haɗurra, wato jerin abubuwan da za su iya jawo wa kamfani asara: faɗuwar naira, kuɗin jinkirin kwantena a tashar Tin Can, satar dizal. Har ma'aunin asarar da kamfani zai iya jurewa ni na rubuta, abin da na san hurumin hukumar daraktoci ne.

Yanzu kwamitin odit ya saka wannan tsarin cikin binciken bana. Ƙa'idar IIA, wato ƙungiyar oditocin cikin gida ta duniya, ta ce kada odita ya binciki aikin da ya riƙe cikin watanni 12 da suka gabata. Mu biyu ne kacal a sashen, ɗayan kuma a ƙarƙashina yake, ni ke sa hannu a rahotonsa.

Oga ya ce ba kuɗin ɗauko odita daga waje. In rubuta wa shugaban kwamitin kai tsaye, ko hakan tsallake Oga ne? Wanda ya taɓa shiga irin wannan, don Allah yaya ya yi?