Liyarin kakarmu mai shekarar 1780: yaya ake gane mai tsada?

Ɗan Gangare:
Assalamu alaikum. Daga Jos nake. Wajen rabon gadon kakarmu, Allah ya jiƙanta, an tarar da liyari uku ƙulle a tsumma cikin adudunta. Kowanne da hoton wata mata mai lulluɓi, a bayansa mikiya mai kai biyu da shekarar 1780. Ɗaya an liƙa masa kunne, da alama ratayawa take yi a wuya. Wani dillali a wajen Terminus ya ce duk ɗaya suke, kuɗin azurfa kawai zai biya. Ni kuwa da na jera su a rana na ga rubutunsu bai zo ɗaya ba. Akwai haƙƙin marayu a ciki, shi ya sa nake tsoron in sayar da su a banza. Don Allah a taimaka.

Mai Sikeli, Wuse:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta mata. Malam, kada shekarar ta ruɗe ka. Matar ita ce Sarauniya Mariya Tariza ta Ostiriya, a 1780 ta rasu. Fatake daga ƙasashen Larabawa zuwa Habasha da Borno sun riga sun yarda da kuɗinta, don haka aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar ba canji, har gobe ana bugawa a Viyana. An buga a Milan, Rum, Faris, Bombay, Landan ma ta buga daga 1936 zuwa 1961. Mu nan ya daɗe a hannunmu, don matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya tarar a Kano a 1851 ana canjin guda da wuri 2,500.

To, bambancin yana jikin ƙarfen hatimin da aka buga kuɗin da shi. Kowace masana'anta da nata, kuma sassaƙar ba ta zuwa ɗaya. Ka nemi madubin masu gyaran agogo. Duba rubutun baya: na baya-bayan nan AVST suke rubutawa da V, da yawa daga na farko kuwa AUST ne da U. Sai ka ƙirga ƙananan duwatsun da suka kewaye maɓallin kafaɗarta, ka dubi yadda aka jera gashin wutsiyar mikiyar, da siffar X ɗin da ke bayan 1780. Harufan S.F. na ƙarƙashin hoton ba sa nuna tsufa, kusan kowanne na da su. In ka ga siririn layi ya taso kamar zare a fuskar kuɗin, ƙarfen bugun ne ya tsage, kuma masu tara tsofaffin kuɗi da shi suke gane waɗanda aka buga da hatimi ɗaya. Wanda ya lotsa ciki kuwa ƙarzuwa ce kawai.

Gaskiya mafi yawan na hannun mutanenmu na baya-bayan nan ne, darajarsu ta azurfa ce da ɗan ƙari. Amma a ce duk ɗaya suke ba a duba ba, wannan ban yarda ba.

Hajiya 'Yar Maƙera:
Ɗana, kafin komai ka kai a auna. Na ƙwarai giram 28 ne da ɗan ɗoriya, azurfar ciki wajen giram 23.4, kuma maganaɗisu ba ya kama shi. Gefensa akwai rubutu a tashe, na jabu yawanci nan suke tona kansu. Ina roƙonka kada ka bari matan gida su wanke su da toka ko lemon tsami. Wannan baƙin da ya kwanta masu saye suna son ganinsa. Mai kunnen kam ya riga ya faɗi a wajensu, kada ka ce za a cire, tabon wuta zai bari. Da ni ce, shi zan bar wa 'ya'ya mata.

Ɗan Gangare:
Na gode Hajiya, na gode Malam. An auna, nauyinsu ya yi daidai. Biyu V ne ƙarara. Na ukun ya suɗe a wurin, amma ƙasan harafin kamar a lanƙwashe yake, kuma X ɗinsa ya fi na sauran ƙanƙanta.

Mai Sikeli, Wuse:
Wannan na ukun ka ware shi, ka naɗe shi daban a takarda kada ya riƙa gogar sauran. Ɗauko hotonsa da safe kusa da taga, hasken ya zo ta gefe, ban da filasha. Ina son fuska, baya, da rubutun gefe zagaye guda. Ka gaya wa magada su dakata da shi tukuna, biyun ne kawai za a iya yi wa kuɗi bisa farashin azurfa na ranar.