Za a gina katafaren kanti a bayan gidanmu: mu tilasta musu sa sola a rufi ko mu dage kan kyan gini?

Maman Sadiya ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu ilimin gini da lantarki. Ni ce sakatariyar kwamitin mazauna unguwa, kuma gidana ne ke jingine da filin da wani kamfani zai gina katafaren kanti. Tagar ɗakin yarana tana kallon wurin kai tsaye, shi ya sa abin ya hana ni sukuni.

Ranar Asabar muka zauna da wakilin kamfanin da jami'in hukumar tsara birni, muka watse ba mu cimma komai ba. Wasu sun ce ba su yarda a dasa mana akwati mai kusurwa huɗu ba, suna so a yi rufi mai gangara, a sa tagogi, a ɗaga katangar saman gini ta ɓoye injinan sanyaya wuri. Mu kuma muka ce rufi mai faɗin murabba'in mita 8,000 bai kamata ya kwanta a rana haka kawai ba, a sa sharaɗin farantan sola kafin a ba su izinin gini. Wakilin ya ce rufin ba zai ɗauki nauyin ba, kuma in ma ya ɗauka, ba su za su biya kuɗin wuta ba, ɗan haya ne. Shin gaskiya ya faɗa? Kuma dole ne sai ɗaya ɓangaren ya haƙura? Mako biyu suka rage mu miƙa matsayarmu a rubuce.

Injiniyan Rufi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Wakilin bai yi ƙarya ba, amma bai ƙarasa maganar ba. Irin waɗannan kantuna ana yi musu rufin ƙarfe mara nauyi, a lissafa shi daidai da ruwan sama da iska da ma'aikacin da zai hau gyara. Farantan sola da ƙarafan da ke riƙe su sukan ƙara kamar kilo 10 zuwa 15 a kowane murabba'in mita, in kuma da bulo za a danne su don kada a huda rufi, nauyin ya zarce haka. To amma ginin nan har yanzu yana kan takarda. Ƙara kaurin ƙarfe a zane abu ne mai sauƙi. Ranar da kanti ya buɗe, kaya suka cika kantoci, sannan a ce za a ƙarfafa rufi, nan ne aikin ke zama wahala da tsada.

Ki duba lissafin nan. Farantai na yanzu suna ba da kamar wat 200 a murabba'in mita in rana ta take. Rabin rufin naku kaɗai ya kai kilowat 800. Kuma babban kanti ya fi shan wuta da tsakar rana, lokacin da firij da injinan sanyi ke ta fama, daidai lokacin da sola ke kan ganiyarta. Mafi yawan wutar a wurin za a shanye ta, ba sai an tara batir mai yawa ba.

Kada ku ji kamar kun zo da baƙon abu. A Faransa dokar 2021 ta wajabta wa sababbin gine-ginen kasuwanci da suka haura murabba'in mita 500 su rufe kashi 30 cikin ɗari na rufinsu da sola ko da tsirrai. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta fara da sababbin gidaje a 2020, ta haɗa da kantuna a 2023.

Abin da nake so ki kai wa masu son kyan gini shi ne, doguwar katangar da suke nema tana jefa inuwa a kan farantai, kuma inuwa kaɗan tana rage wutar layi guda. A tara injinan sanyi a gefe ɗaya, a kewaye su su kaɗai, a bar sauran rufin a shimfiɗe. Rufi mai gangara kuma a yi shi a fuskar gini da ƙofar shiga, inda ido ke gani.

Baba Ɗanhaya ya amsa:

Injiniya, ka yi bayani, amma ka tsallake maganar haya, kuma ita ce ƙashin bayan zancen. Shekara goma sha ɗaya na yi ina kula da kanti a ginin da ba namu ba. Mai gini ba ya sa kuɗinsa a abin da zai rage wa wani kuɗin wuta, ɗan haya kuma ba ya kafa abin shekara 25 a rufin da yarjejeniyarsa ta shekara goma ce. Mu har yoyon rufi sai da muka yi wata huɗu muna jayayya kan wanda zai gyara, bokitai na jere a tsakanin kantoci.

Sannan shimfiɗar hana yoyo da ke kan irin wannan rufi takan gaji kafin farantai su gaji. In lokacin sauya ta ya yi, sai an kwance komai an mayar. Ga batun gobara kuma. A 2019 Walmart, mai manyan kantuna a Amurka, ta kai Tesla, kamfanin da ke kula da farantan solarta, ƙara kan gobarar da ta tashi a rufin kantunanta bakwai, daga baya suka sasanta. Ba ina cewa kada a sa ba ne, Hajiya. Ina cewa in kun rubuta "dole a sa sola" kuka tsaya nan, za su kawo mai arha ya liƙa don a ce an cika sharaɗi, kuma ke ce ke kwana a bayan ginin. Ku rubuta wanda zai riƙa duba wayoyin, da sau nawa a shekara, da hanyar da 'yan kwana-kwana za su bi a kan rufin.

Anti Malama ta amsa:

'Yar'uwa, ba wanda ya taɓo filin ajiye motoci, alhali sau da yawa ya fi rufin girma. A Faransan da Injiniya ya ambata, dokar Maris 2023 ta ce filin motocin da ya haura murabba'in mita 1,500 a yi wa rabinsa rumfar sola, sai dai in bishiyoyi sun riga sun yi masa inuwa. Mota ta samu inuwa, mai turo keken kaya da goyo a baya ta samu, kuma ba ruwan rumfa da nauyin rufi. Sai dai in akwai manyan bishiyoyi a filin naku, don Allah kada ku bari a sare su saboda rumfa.

Maman Sadiya ta sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri. Baba, maganar gobarar nan ta tsaya mini a rai, zan sa batun dubawa da hanyar 'yan kwana-kwana a sahun farko. Yau da yamma na je wurin dattijon da ke jagorantar masu son rufi mai gangara, na karanta masa amsar Injiniya. Ya yarda da a tara injina a gefe ɗaya, in dai ba gefen gidajenmu ba ne, saboda ƙararsu da dare. Bishiyoyi uku ne a filin, Anti, duk a bakin titi suke.

Injiniya, saura tambaya ɗaya da maƙwabciyata ta dame ni da ita. Ɗakinta a bene yake, sama da tsayin rufin kantin. Farantan za su riƙa haska mata ido da rana? In haka ne, wace fuska ya kamata mu ce a karkata su?