Wai ina ake karanta ilimin ɗaga ƙarfe da tirenin na gaske?

Koci_Na_Layi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina riƙe da wata 'yar ƙungiyar ƙwallo ta yaran unguwa, 'yan shekara 16 zuwa 20, kuma gaskiya duk tirenin ɗin da nake ba su wanda aka ba mu ne muna yara, zagaye fili sau ashirin, tsallen kwaɗo, sai da yamma a je zauren wani abokinmu a ɗaga ƙarfen siminti da muka zuba a gwangwanin fenti. To sati biyu da suka wuce yarona da ya fi kowa gudu ya kwasa da ƙwallo, ba wanda ya taɓa shi, kawai sai gani na yi ya dafe bayan cinya ya zauna a ƙasa. Shi ne na uku bana. Abin ya tsaya min a rai wlh. Akwai inda ake karanta abin nan sosai ko sai dai mutum ya yi ta kallon YouTube? NCE gare ni a PHE (ilimin motsa jiki da lafiya) amma ba mu yi zurfi ba.

Baban_Khalifa:
Wa alaikumus salam Koci. Akwai mana. ABU Zariya da BUK duk suna da sashen da ake karanta ilimin motsa jiki, kuma da NCE ɗinka za ka iya neman DE, wato shiga jami'a kai tsaye ba daga ajin farko ba. In kuma kwas ɗin koci kake so akwai NIS, cibiyar koyar da wasanni ta ƙasa, a Legas, cikin babban filin wasa na Surulere. Satifiket ɗin da ake ji da shi a waje shi ne CSCS, na masu ba 'yan wasa tirenin ƙarfi, daga ƙungiyar NSCA ta Amurka, amma sai kana da digiri ko kana ajin ƙarshe za su bar ka ka zauna jarabawar, ga dala, ka ajiye wannan tukuna.

Amma bari in faɗa maka abin da ya fi buɗe min ido a aji. Jiki ba a lokacin wahala yake ƙara ƙarfi ba, sai ya huta ya gyara kansa. Ka ɗora masa nauyi, ka bar shi ya farfaɗo, ka ƙara kaɗan. Wani likitan sojan Amurka Thomas DeLorme shi ya rubuta wannan a 1945 da yake jinyar sojojin da suka ji rauni, daga aikinsa aka samo zagaye uku na goma-goma da kowa ke yi a jim yau ba tare da ya san asalinsa ba. 'Yan Sobiyet kuma, irin su Matveyev, suka zo da raba shekara kashi-kashi, aikin kafin a fara gasa daban, na tsakiyar gasa daban. Kai kuma na tabbata kullum abu ɗaya ne, ranar da ka tashi da fushi a ƙara zagaye biyar. Kuma siminti bai da laifi, laifin shi ne ba ka san kilo nawa ba ne. Kai shi wajen masu awon hatsi a ɗora a sikeli, ka rubuta a jikin gwangwanin, ka sayi littafi ɗan 40 lif ka dinga rubuta wa ya ɗaga me, sau nawa.

Ɗan_Ƙwanji:
Hhhh malamai kenan. Mu dai shekara tara muna ɗaga ƙarfe ba littafi ba biro kuma ga ƙirji nan kowa na gani. In jikin yaro bai yi tsami ba washegari to bai yi aiki ba, asid ɗin nan na tsoka (lactic acid) ne ke taruwa sai an ƙara tirenin ya fita.

Ummu_Sadik_Fiziyo:
Ɗan_Ƙwanji ka yi haƙuri, maganar asid ɗin nan ta daɗe da faɗuwa. Shi cikin awa ɗaya ko makamancin haka ya bar jini, tsamin jiki kuwa sai bayan kwana ɗaya zuwa uku yake kai maƙura, daga 'yan ƙananan raunuka ne a tsoka musamman in an yi motsin da ba a saba ba. Kuma kai ƙirji kake ginawa, shi ɗan ƙwallo yake so ya yi gudu minti 90.

Koci, bayan cinya yawanci a tsakiyar gudun tsiya yake yagewa, lokacin da ƙafa ta miƙe gaba za ta taka ƙasa, tsokar tana miƙewa kuma tana taka burki lokaci guda. Zagaye fili a hankali ba ya shirya ta don wannan. Ka nemi atisayen Nodik: yaro ya durƙusa a kan tabarma, wani ya danne masa idon sawu, ya dinga sulalewa gaba a hankali jiki a miƙe har ya tare da hannu. Bincike ya nuna yana rage irin wannan raunin da kusan rabi. Fara da sau biyar kawai, don zai yi musu tsami sosai satin farko. Yana ma cikin FIFA 11+, ɗumama jiki ne na minti 20, kyauta yake a intanet. Shi kuma yaron don Allah kar a kai shi wajen mai ja ko a murje wurin da ƙarfi, a kai shi asibiti a duba, kar ya koma fili don kawai ya daina ɗingishi.

Koci_Na_Layi:
Na gode ƙwarai Hajiya, wlh har an murje shi da man zafi tun ranar, Allah ya sa ba mu ƙara ɓata abin ba. To abinci fa? Yaran nan wasu da ƙyar ake cin sau biyu a gidajensu, ba maganar garin furotin na roba.

Baban_Khalifa:
Manta da robar. Ana lissafa wajen giram 1.6 na furotin a kowane kilo na nauyin mai ɗaga ƙarfe, yaro mai kilo 60 kusan giram 96 kenan a rana, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne kacal, ka ga ba da ƙwai za a cike ba. Wake, awara, ƙuli-ƙuli, nono, su ne namu. In ka san yaro bai karya ba ka rage masa aiki ranar. Fom ɗin DE kuma ka dinga leƙa shafin JAMB kar a rufe ba ka sani ba.