Musayar Waƙa: In An Cire "Sosai", Me Za A Sa?

Ɗalibar Alƙalami:
Salamu alaikum. Ga abin da na rubuta jiya:

Ruwa ya sauko da yawa sosai,
Yaro ya yi gudu da sauri sosai,
Rigarsa ta jiƙe ƙwarai da gaske,
Uwarsa ta kalle shi daga ƙofa.

Iyayena a fagen waƙa, ku duba,
Baitin na tsaye amma ba shi da ƙarfi,
Na zuba "sosai" don in ƙara nauyi,
Sai na ji ma ya ƙara rasa zurfi.

Malam Mai Jan Biro:
Wa alaikis salam, 'yata, ki saurara,
"Sosai" sanda ce ta gurguwar kalma,
Aikatau in ya tsaya da ƙafarsa,
Ba ya neman dogari ko alfarma.

"Ruwa ya sauko", ai yayyafi ma haka,
Ce "ya kece", a ji tsagewar sama,
"Ya yi gudu da sauri" kalma 5 ne,
"Ya sheƙa" 2 ne, kuma sun gama.

"Ƙwarai da gaske" ba ta jiƙa kowa ba,
Ce "sharkaf", mai karatu ya ji laima,
Baƙi ƙirin, fari fat, ja wur, kore shar,
Don irin wannan aka yi amsa-kama.

Ɗan Tsawa:
Malam, da girmanka, ka yi sassauci,
Ni in na gyara, sai takarda ta girgiza:
Ruwa ya ɓarke, ya kece, ya goce,
Yaro ya falla, ya arce, ya baza,
Riga jagab, sharkaf, tsamo-tsamo,
Uwa ta zabga harara mai razanarwa!
Ƙanwata, ɗauki wannan ki huta.

Gwaggo Mai Tsifa:
Kai ɗan nan, sauke murya mu ji juna,
Ganga in ta cika zaƙi fashewa take,
Ka jera kalma uku kan aiki ɗaya,
Kowace na danne 'yar'uwarta a maƙe.

Kuma wa ya ce maka yaron ya arce?
Mai arcewa laifi ya bari a baya,
Ɓarawo ke arcewa, ko mai bashi,
Wannan ruwa ya koro shi kan hanya.

Hararar nan fa, daga ina ka samo ta?
Yarinya "kallo" kawai ta rubuta,
Ka sa wa uwa fushin da ba nata ba,
Wannan ba gyara ba ne, ƙage ka yi mata.

Kallo gida ne mai ɗakuna da yawa:
Akwai leƙe, akwai hange daga nesa,
Akwai ƙura ido, akwai satar kallo,
Akwai zuba ido na mai jiran ɗansa.
'Yata, faɗa min, me ke ran uwar nan?
Sai mun sani za mu san wadda za a sa.

Ɗalibar Alƙalami:
Gwaggo, tun hadari ya haɗo take ƙofa,
Ba faɗa a ranta, fargaba ce kawai.
Na sake ɗinki, ku duba mini:

Ruwa ya kece, gari ya rufe,
Yaro ya sheƙo ba ya waiwaye,
Riga sharkaf ta manne da baya,
Uwa ta hango shi tana tsaye.

Malam Mai Jan Biro:
Madalla! Ni "sheƙa" na ba ki ɗazu,
Kin mai da ita "sheƙo", kin fi ni gani,
Wasali ɗaya ya juyo da yaron,
Ya nufo gida, ba wani dogon bayani.
Na ƙirga gaɓa, 10 a kowane ɗango,
Amsa-amo ya zauna, ba rauni.

Ɗan Tsawa:
Na bar "arce", Gwaggo, na ci gyara,
Amma "tana tsaye" ta yi min sanyi,
A ce "ta ƙame", ko "ta daskare" mana!

Gwaggo Mai Tsifa:
Ta ƙame don me, soja ce a fareti?
Ɗanta ta hango, hankali ya kwanta,
Ruwa na ta ihu a ɗango uku,
Bar na huɗun shiru, kar ka taɓa mata.

Ɗan Tsawa:
To, na janye hannu daga "tsaye",
Amma "gari ya rufe" zan kwana a kanta,
Gobe in na samo wadda ta fi ta,
Ko Gwaggo ta hana, sai na kawo ta.