Kwaɗon Denuvo: ɓarawo yake kullewa ko wanda ya biya?

Ɗan Sabon Gari: Jama'a, abin nan ya isa haka. Mutum ya zare dala 60 ko 70 ya sayi gem ta hanyar halal, sannan shi ne zai sha wahalar da mai fasasshe, wato kwafin da aka ɓalle wa kwaɗo, bai san da ita ba. Ranar farko da ka buɗe wasan da ke da Denuvo, manhajar nan ta hana kwafin wasannin kwamfuta, sai ya ɗauki bayanan furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) da Windows ɗinka ya aika wa sabarsu, su turo izinin da ke aiki a wannan kwamfutar kaɗai. Ka canza furosesa, ko Windows ya yi babban sabuntawa, izinin yana iya mutuwa, dole ka sake hawa intanet. Kuma kwamfuta 5 kacal aka yarje maka cikin awa 24, in ka wuce sai gobe. A Nuwamban 2021 wa'adin wani adireshinsu na intanet ya ƙare ba a sabunta ba, Guardians of the Galaxy da wasu wasanni suka ƙi buɗewa a hannun waɗanda suka biya. Wannan sata ce da rana tsaka.

Bazazzage: Malam, janye kalmar sata. Me aka ɗauke maka? Ɓarawo shi ne wanda ya sauke aikin shekara uku ko huɗu na ɗaruruwan mutane bai ba da ko sisi ba. Kamfanin da ya sa wa kayansa kwaɗo bai saci komai ba.

Ɗan Sabon Gari: An karɓi kuɗina, an riƙe makullin. Ka ba shi suna da kanka.

Injiniya: Ku biyun kun kauce. Ba a sace maka ba domin tun farko ba a sayar maka ba. Lasisi ka biya. Tun Oktoban 2024 Steam, shagon sayar da wasannin kwamfuta a intanet, yake rubuta haka ƙarara a shafin biyan kuɗi, bayan jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta tilasta wa masu sayarwa su faɗi gaskiya. Haya ce mara ranar ƙarewa.

Mai Gyaran Kwamfuta: Ranar ƙarewa tana nan, Injiniya, ba a faɗa maka ba ne. Kamfanin Ubisoft ya kashe sabar wasansa The Crew a ƙarshen Maris 2024, har mai faifai a hannu ya tashi a tutar babu. Daga nan ne Ross Scott, wani mai bidiyo a YouTube, ya fara gangamin Stop Killing Games na hana kashe wasannin da aka saya, wanda ya tara sa hannu sama da miliyan 1 a Tarayyar Turai a 2025.

Bazazzage: The Crew ba maganar Denuvo ba ce, wasan intanet ne tun asali. Kada ku haɗa. Kuma har yanzu ba a janye "sata" ba.

Uwar Biyu: Ƙanina Bazazzage yana da gaskiya a nan. Mu da muka ga yadda 'yan kwafi suka durƙusar da kasuwar faifan Kannywood bai kamata mu raina haƙƙin mai abu ba. Furodusa ya ci bashi ya yi fim, kafin ya mayar da kuɗinsa an tura wa kowa a waya. Wannan ita ce satar.

Bakatsine: Hajiya, kwafi ba sata ba ne, domin asalin abin yana hannun mai shi.

Uwar Biyu: Guminsa fa? Je ka tambayi malamai hukuncin cin gumin wani, ka dawo mana da amsa.

Bakatsine: Ni ban ce halal ba ne, na ce ba sata ba ne. Kuma kowa ya san Denuvo yana cinye SSD, ma'ajiyar bayanan kwamfuta, yana kuma shiga can cikin zuciyar Windows.

Injiniya: Duka biyun ba haka ba ne. Zancen SSD jita-jita ce tun 2014, ba wanda ya tabbatar da ita. Mai shiga zuciyar Windows kuwa Denuvo Anti-Cheat ne, na hana maguɗi, wanda aka saka wa Doom Eternal a Mayun 2020 aka cire bayan mutane sun yi ca. Na hana kwafi daban yake, a cikin fayil ɗin wasan yake zaune. Masu dasa direba, wato manhajar da ke aiki a zuciyar Windows, su ne kwaɗunan da, irin StarForce da SafeDisc. Shi ya sa faifan da ke da SafeDisc ba ya tashi a Windows 10: Microsoft ya daina karɓar direbansa, secdrv.sys, saboda ramin tsaro. Faifai na asali, lafiyarsa ƙalau, amma ya zama marfin kofi.

Mai Gyaran Kwamfuta: Amma kada a wanke Denuvo tas. Illar tana zuwa ne daga inda aka dasa binciken. In an sa shi a wurin da ake kira sau ɗaya, kamar lokacin lodi, ba za ka ji ba. In an sa shi a motsin da ake maimaitawa cikin faɗa, furosesa zai tsaya yin binciken, hoto ya cije. Katsuhiro Harada, mai kula da wasannin Tekken a lokacin, da bakinsa ya ce haka ya faru da Tekken 7 a 2018. A 2021 Digital Foundry, masu gwajin ingancin wasanni, suka gwada Resident Evil Village, suka ga fasasshen ba ya cijewa kamar na asali, sai da Capcom, kamfanin da ya yi wasan, ya fitar da gyara. Can kwaɗo biyu ne, na Capcom da Denuvo a kansa. A shekarar dai furosesan Intel na ƙarni na 12 ya rikita wasanni sama da 50, domin kwaɗon yana ganin manyan ƙwayoyin furosesan da ƙananan kamar kwamfuta biyu. Maganin wucin gadi shi ne a shiga BIOS, saitin farko na kwamfuta, a kunna Legacy Game Compatibility Mode, sannan a danna Scroll Lock kafin a buɗe wasan, ƙananan su kwanta.

Ɗan PlayStation: Duk wannan ciwon kan na 'yan kwamfuta ne. Ku sayi PS5 ku huta.

Bakatsine: Akwatin da gabaɗayansa kwaɗo ne? Ko wasa da abokai a intanet sai ka biya kuɗin wata a yawancin wasanni.

Ɗan PlayStation: Amma faifaina zan iya sayarwa ko in ba da aro. Kai sayar mana da naka na Steam mu gani.

Injiniya: Wanda bai son kwaɗo ya je GOG, shagon da ke sayar da wasanni ba kwaɗo, tun 2008 suke wannan sana'ar. Ka sauke fayilolin girkawa, guntu-guntu na kusan giga 4, ka adana a hard disk na waje, ba mai tambayarka intanet. In dole sai Steam, duba gefen dama na shafin wasan, ana rubuta sunan kwaɗon da iyakar kwamfutoci. Buɗe wasan sau ɗaya da data, dakatar da sabuntawar Windows, sannan ka koma Offline Mode. In ya ƙi tafiya daidai, nemi kuɗinka cikin kwana 14, muddin ba ka kai awa 2 kana bugawa ba.

Shugaban Zaure: To, a taƙaice, mafi yawa sun yarda kwafi cin haƙƙi ne, kamfani yana da ikon kare dukiyarsa, kuma Injiniya ya nuna yawancin zargin da ake wa Denuvo jita-jita ce. Ɗan Sabon Gari ya janye "sata" mu rufe.

Mai Gyaran Kwamfuta: Shugaba, da girmanka, abu biyu kawai Injiniya ya ƙaryata, kuma ba Ɗan Sabon Gari ne ya faɗe su ba. Iyakar kwamfuta 5, da Nuwamban 2021, da Resident Evil Village, ba wanda ya taɓa su tukuna.

Ɗan Sabon Gari: Ban janye ba.