Me ya kayar da kundin tsarin mulkin Amurka na farko?

Ɗalibar Siyasa ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina aji biyu a sashen kimiyyar siyasa, saura mako biyu mu fara jarrabawa. An ce mu karanta kundin tsarin mulkin Amurka na farko, wanda ake kira Articles of Confederation, wanda ya fara aiki a 1781 aka ajiye shi a 1789. Jiya da dare ba wuta, da fitilar waya na karance sassansa 13 kaf. Na haddace raunin da littafinmu ya jera, amma har yanzu abin bai zauna min ba. Ta yaya mutanen da suka iya korar Birtaniya za su rubuta kundin da bai kai shekara goma ba? Don Allah a cikin raunin nan wanne ne ya kashe shi?

Tsohon Malamin Tarihi ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Na daɗe ina koyar da wannan a sakandare, kuma kullum nakan ce wa yara su fara da aljihu. Majalisar tarayya ba ta da ikon ɗora wa kowa haraji. Iyakarta ta yanka wa kowace jiha daga cikin jihohi 13 kasonta, ta aika takarda, ta zauna jira. Wadda ta ga dama ta ba da wani abu, wadda ta ƙi ba mai taɓa ta, don babu shugaban ƙasa mai zartarwa, babu kuma kotun tarayya da za a kai ta. Kin san adashin da uwar adashi ba ta da bakin tsawata wa wanda ya ƙi zubi? To, haka. Ga bashin Faransa da na Holan da aka ci lokacin yaƙi, ga sojoji ba albashi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne na watan Yunin 1783. Sojoji ɗaruruwa da ba a biya ba suka kewaye ginin da majalisa ke zama a Filadelfiya, da bindigogi a hannu, suna neman haƙƙinsu. Majalisa ta roƙi hukumomin jihar Pennsylvania su turo mata dakarun jiha, suka ƙi. Sai wakilan ƙasa guda suka tattara takardunsu suka koma garin Princeton a jihar New Jersey. Ki duba, a ginin da aka ayyana 'yancin kai a 1776 ne aka yi wannan.

Hatta yarjejeniyar Paris da ta kawo ƙarshen yaƙin, sai da aka yi makonni a garin Annapolis, inda majalisa ke zama a lokacin, ana jiran wakilan jihohi 9 su cika kafin a amince da ita a Janairun 1784.

Abban Hanifa ya amsa:

Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya, amma ina ganin ya kamata a yi wa mutanen nan adalci. Ba rashin wayo ba ne, da gangan suka raunana gwamnatin tsakiya. Faɗansu da Sarki George na Uku a kan haraji ne da majalisar Landan ta ɗora musu ba tare da wakilcinsu ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. A 1777 da suka kammala rubutun, ba jihar da za ta yarda ta miƙa jakar kuɗinta ga wata hukuma mai nisa. Kuma 'yar'uwa, kar ki manta ki rubuta cewa a ƙarƙashin kundin nan aka yi dokar yankin arewa maso yamma ta 1787, wadda ta tsara yadda sababbin yankuna za su zama jihohi, ta kuma hana bauta a can.

Ɗan Kwari ya amsa:

Ni ɗan kasuwa ne, ta fannin ciniki na kalli abin. Majalisa ba ta da iko kan fatauci, kowace jiha da nata kwastan. New York ta ɗora kuɗin shiga kan ƙananan jiragen New Jersey masu kawo mata kayan lambu da itace, ita kuma New Jersey ta rama da ɗora haraji kan hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Sandy Hook, wadda ta New York ce amma a ƙasar New Jersey take. Wanda ya taɓa rakiyar kaya a mota yana tsayawa shinge bayan shinge ya san ciwon wannan. Sifaniya ma ta rufe wa Amurkawa kogin Misisifi a 1784, ba abin da suka iya yi.

Ɗalibar Siyasa ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, yanzu na fara gani. Amma Baba, tunda sun ga matsalar, me ya hana su gyara kundin kawai?

Tsohon Malamin Tarihi ya amsa:

Kin zo wajen, 'yata. Koma sashe na 13: ba a gyara ko kalma ɗaya sai duk jihohin sun yarda. Sun gwada. A 1781 aka nemi a ba majalisa ikon karɓar kashi 5 cikin 100 kan kayan da ake shigowa da su, Rhode Island, mafi ƙanƙantar ƙasa a cikinsu, ta ce a'a, magana ta mutu. Aka sake gwadawa a 1783, wannan karon New York ce ta tokare. A wurina wannan ne ya kashe kundin, don rashin kuɗin yana da magani, sashen nan ne ya hana a sha.

Sai tawayen Daniel Shays a Massachusetts, 1786 zuwa 1787, inda manoma da bashi ya ci suka rufe kotuna har suka nufi ma'ajiyar makamai ta Springfield. Tarayya ba ta da sojan da za ta tura, 'yan kasuwar Boston ne suka haɗa kuɗin rundunar da ta tarwatsa su. Da aka taru a Filadelfiya a Mayun 1787 da sunan gyara, sai aka rubuta sabon kundi ɗungurungum, aka ce jihohi 9 sun isa ya fara aiki. Rhode Island ba ta ma tura wakili ba, kuma ita ce ta ƙarshen shiga, a Mayun 1790, da ƙuri'a 34 a kan 32.