Neman kalma: me za a kira ƙuri'ar da aka maimaita?

Mai Shirin Safe:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Gobe da ƙarfe takwas nake da shiri a kan ƙasar Ailan da yarjejeniyar Lisbon, wadda ta gyara tsarin tafiyar da Tarayyar Turai, kuma kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: refarandam. Na san me za ku ce, ƙuri'ar raba gardama. Ku ji labarin tukuna. Ranar 12 ga Yunin 2008 mutanen Ailan suka ƙi yarjejeniyar da kashi 53.4 cikin ɗari. A ƙasashe 27 na Tarayyar Turai su kaɗai aka tambaya, sauran duk majalisunsu ne suka amince. Ba a cika wata goma sha shida ba, ranar 2 ga Oktoban 2009, aka sake kawo musu ita, suka ce e da kashi 67.1. To idan na ce an yi ƙuri'ar raba gardama, can gaba kaɗan na ce an sake yin ta a kan abu guda, wallahi sai wani ya bugo waya ya tambaye ni wace gardama ta farkon ta raba. Akwai kuma kalma ta biyu da nake nema, ta ikon ƙasa a kan kanta, wanda masu a'a suka yi ta kukan za a zaftare musu. 'Yancin kai bai yi mini ba, Ailan ta daɗe da wuce nan. A taimaka kafin isha'i.

Ɗan Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a. An gama.

Tsohon Edita:
Ba a gama ba, ɗana. Da wannan sunan muke kiran tambayoyin da kamfanoni ke yi wa mutum dubu ɗaya ta waya su ce ga wanda zai ci zaɓe. Kuma jin ra'ayi ba ya ɗaure kowa, kana iya ji ka watsar. Ta Ailan tana ɗaurewa. Tun 1987, da wani masanin tattalin arziki mai suna Raymond Crotty ya kai gwamnatinsu ƙara, Kotun Ƙoli ta ce ba za a miƙa wani ɓangare na ikon ƙasa ga Turai ba sai an gyara kundin tsarin mulki, shi kuwa kundin nasu ba ya gyaruwa sai jama'a sun kaɗa ƙuri'a. Shi ya sa su kaɗai aka tambaya a 2008. Ba don 'yan siyasarsu sun fi na sauran kirki ba, dole ce ta kama su.

Inda jin ra'ayi zai zauna daram shi ne Holan a 2016, da suka ƙi yarjejeniyar ƙawancen Tarayyar Turai da Yukiren da kusan kashi 61. Dokar da kanta ta ce shawara ce kawai. Majalisa ta amince da yarjejeniyar a 2017, a 2018 kuma ta soke dokar ƙuri'ar gaba ɗaya. Hajiya, ki bar raba gardama inda kika same ta. Shekara da shekaru kunnen jama'a ya saba.

Baban Ƙamus:
Kunne ya saba. Kullum amsar ke nan. Ƙuri'a Larabci, ra'ayi Larabci, jama'a Larabci. Kalma huɗu a "ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a", uku baƙi ne, sannan a ce Hausa ake yi. Ita ƙuri'ar ma asalinta ba zaɓe ba ne, a jefa ne a ga wanda rabo ya faɗa wa. Na sha faɗi a nan zauren, sunan wannan abu TAMBAYI-TALAKA. Ginin Hausa ne tsantsa, irin na ci-rani da faɗi-tashi da bar-ni-da-mugu. Bai yi alkawarin raba komai ba, bai ce za a yi aiki da amsar ba. An tambaya, shi ke nan. "An yi tambayi-talaka sau biyu a Ailan." Ku faɗa da ƙarfi ku ji yadda ya zauna a baki.

Ɗan Sabon Gari:
Baba, attajiran Ailan ba sa kaɗa ƙuri'a ne?

Baban Ƙamus:
Talaka a Hausa shi ne wanda ba ya riƙe da sarauta, ko da kuɗinsa ya kai rumbu goma. Jeka tambayi kakanka su wa ake nufi da talakawan sarki.

Ɗan Sabon Gari:
Na ji. Amma kai ma "talaka" ɗin ka tabbata a Kano aka haife ta?

Na Mai Wurno:
Gaisuwa daga Sudan. Mu nan istifta'i muke cewa, ko da Hausa muke magana, kuma kowa ya gane. Da ita muka kira wadda 'yan Kudu suka yi a Janairun 2011, da fiye da kashi 98 suka zaɓi ɓallewa. Ma'anarta neman fatawa, wato shugaba ya zo gaban jama'a yana neman hukuncinsu. Ni dai ina ganin ta fi duka mutunta jama'a.

Baban Ƙamus:
Ina kukan targaɗe ga karaya ta zo.

Na Damagaram:
Ku Kanawa kuna gardama a kan sunan abin da ba ku taɓa yi ba. Mu nan mun yi shi har mun gaji. Zaɓen raba gardama muke cewa, ba ƙuri'a ba, sai Baba ya kwantar da hankalinsa, zaɓe dai nasa ne. Ranar 28 ga Satumban 1958 Janar de Gaulle ya tambayi ƙasashen da Faransa ke mulka: ku zauna cikin ƙawance da mu, ko ku kama gabanku nan take. Djibo Bakary da jam'iyyar Sawaba suka ce a jefa a'a. Gwamnan Faransa da sarakuna suka tsaya wa e, aka sanar e ta ci da kusan kashi 78. Gini ta Sekou Toure kaɗai ta ce a'a, ta karɓi 'yanci ranar 2 ga Oktoba. Har gobe akwai tsofaffin 'yan Sawaba da zuri'arsu da ba su yarda da wannan ƙidaya ba. Sai ta Tandja, 4 ga Agustan 2009, aka ce sama da kashi 90 sun yarda ya zarce. Watan Fabrairun 2010 soja suka ɗauke shi. Ba mu fasa cewa raba gardama ba duk da haka. Suna ne, ba rantsuwa ba.

Tambayarki ta biyu kuwa, Hajiya, ba ta da wuya. Ɗiyauci. Ɗiyaucin ƙasa. Kullum ana faɗinta a rediyon Yamai, yanzu ma fiye da da.

Ɗan Sabon Gari:
Wa ya ce ba mu taɓa yi ba? Fabrairun 1961 mutanen Mubi da Gwoza da Gembu suka kaɗa, suka zaɓi Najeriya a kan Kamaru, har aka kira wurin Lardin Sardauna. Ita kuma ɗiyauci, in Hajiya ta faɗa gobe, rabin masu sauraronta za su zaci zancen ɗiya mace ake yi. Ba daidaitacciyar Hausa ba ce.

Na Damagaram:
Mubi a Kano take? Daidaitacciya kuma wa ya daidaita ta? Bature ya zauna Zariya ya rubuta abin da ya ji a bakin maƙwabtanku, kuka ɗauka wahayi ne.

Malamar Hausa:
Ku tsaya, ku biyun. Ɗiyauci da 'yanci uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ɗiya ce ta koma 'ya a bakin mutanen gabas, shi ya sa Sakkwatawa ke cewa ɗiya inda Kanawa ke cewa 'ya. Ɗa shi ne wanda ba bawa ba. To da yake 'yanci ta riga ta tare a kan fita daga mulkin mallaka, babu laifi a bar wa ɗiyauci ɗaya ma'anar, wato ƙasa ta yanke wa kanta hukunci ba tare da wani ya sa mata hannu ba. Riba ce harshe ya samu, kalma biyu aiki biyu. 'Yar'uwa, ki faɗe ta, karon farko ki bi ta da bayani na jimla ɗaya. Baba kuwa, da girmamawa, idan za mu kori duk kalmar da ta zo daga Larabci, sunan da ka sa wa kanka a zauren nan shi zai fara fita.

Baban Ƙamus:
Wannan sunan yara suka laƙaba mini. Kuma ni ban ce a kori tsofaffin baƙi ba, cewa na yi kada a ƙara. Duk kalmar da tashoshin waje suka faɗa suna zaune a London, kowa sai ya haɗiye. Ni da nake Zariya na ƙirƙiro tawa, ana yi mini dariya. Da a bakin wani mai karanta labarai na can aka fara jin tambayi-talaka, da yanzu kuna koya wa ɗalibai ita.

Tsohon Edita:
Malam, wannan ba haka ba ne. Tazarce ba ta je London ba. A titi aka haife ta zamanin Abacha, ta tsallaka iyaka har 'yan Nijar suka rubuta ta da harufan Faransanci. Kalma in ta yi daɗi ba ta neman izini. Taka ka kai ta tashar mota ka gani ko za ta dawo da ƙafarta.

Ƙaramar Lauya:
Afuwan iyayena, an bar Anti da shirinta. Ni ina ganin matsalar ba a kalmar take ba. Wannan cin karon da Anti ke gudu shi ne naman labarin. Ba Ailan kaɗai ba ce. Danmak ta ƙi yarjejeniyar Maastricht, wadda ta kafa Tarayyar Turai, a Yunin 1992 da kashi 50.7, aka ba ta rangwame, ta sake a 1993 ta amince. Ailan ɗin ma ta taɓa ƙin yarjejeniyar Nice a 2001 ta karɓa a 2002. A kan waɗannan yarjejeniyoyi na Turai, ba a taɓa jin an maimaita wadda aka ce e ba. Kamar uban da ya tambayi 'yarsa ko tana son mijin, ta ce a'a, ya ce je ki ki sake tunani, amma ranar da ta ce e ba ya cewa a sake.

Ta Faransa ta fi ciwo. Ranar 29 ga Mayun 2005 suka ƙi kundin tsarin mulkin Turai da kashi 54.7, bayan kwana uku Holan ta bi sahu. Aka kwashe mafi yawan abin da ke ciki aka zuba a Lisbon, shugaban Faransa Sarkozy ya bi da ita ta majalisa a Fabrairun 2008, ba a sake tambayar kowa ba. In ana neman inda rashin yarda da 'yan siyasa ya samo tushe, ga shi nan.

A yi adalci kuma: ba a mayar wa 'yan Ailan takardar yadda take ba. An ba su tabbacin za su ci gaba da riƙe kujerar kwamishina a hukumar zartarwar Tarayyar Turai, kuma ba za a taɓa musu harajinsu, ko matsayinsu na 'yan ba-ruwanmu a harkar soja, ko dokarsu ta zubar da ciki ba. Sannan tattalin arzikinsu ya durƙushe tsakanin ƙuri'un biyu, tsoro ya shiga. Kuma a karon farko firaministansu Brian Cowen ya amsa da bakinsa cewa bai karanta yarjejeniyar daga farko har ƙarshe ba, alhali yana roƙon mutane su ce e. Anti, kada ki bar wannan a baya.

Mai Shirin Safe:
Allah ya yi miki albarka, ƙanwata. Mu fa a nan, akwai inda doka ta ce a tambaye mu? Tabbas za a bugo a tambaya.

Ƙaramar Lauya:
A kan yarjejeniya da ƙasashen waje, babu. Sashe na 12 na kundin 1999 ya ce ba ta zama doka sai Majalisar Ƙasa ta mayar da ita doka, iyakarsa ke nan. Ƙuri'ar jama'a tana zuwa ne a ƙirƙirar sabuwar jiha ko ƙaramar hukuma, da kiranyen ɗan majalisa. Bakasi misali ne: Kotun Duniya ta yanke a 2002 cewa yankin na Kamaru ne, Obasanjo da shugaban Kamaru Biya suka sa hannu a kan yarjejeniyar miƙawa a Greentree ta Amurka a 2006, Majalisar Dattawa ta ce a 2007 ba a kawo mata ba, aka kammala miƙawa a Agustan 2008. Mazauna wurin ba wanda ya ba su akwati. Ki kula kuma, sa hannu daban, tabbatarwa daban. 'Yan jarida kan haɗe su duka su ce "amincewa".

Baban Ƙamus:
Kun gani? Ba a tambayi talaka ba. Ko lauya da kalmata take magana, ta ƙi faɗi ne kawai.

Ɗan Sabon Gari:
"Akwati" ta ce, Baba.

Na Mai Wurno:
Istifta'in tawa dai ba wanda ya ko tanka mata.

Malamar Hausa:
Mun gan ta, ɗan'uwa. A wajenku ta zauna don Larabci kuke sha da safe. A Katsina za a ɗauka an aika wa malamai tambaya ne.

Mai Shirin Safe:
An kira isha'i, ga abin da na rubuta. Ƙuri'ar raba gardama ga ta Ailan da Faransa da Danmak, tunda ita aka sani. Ƙuri'ar jin ra'ayi ga ta Holan ta 2016 kaɗai. Ɗiyaucin ƙasa da bayani a karon farko. Inda aka maimaita kuma zan ce "ƙuri'ar raba gardamar da ba ta raba ba", in bar masu bugo waya su yi sauran aikin. Ban gamsu ɗari bisa ɗari ba, amma takwas ba ta jira.

Na Damagaram:
Zaɓen raba gardama. In kin ɗauki ɗiyauci ki ɗauki zaɓe, ba a sayen rabin kaya.

Mai Shirin Safe:
In na ce zaɓe za su tambaye ni wa ya ci. Ɗaya ta ishe ku yau.

Baban Ƙamus:
Ku yi ta yi. Amma Hajiya, ko sau ɗaya ki ce "wadda wasu masana ke kira tambayi-talaka". Ba sai kin faɗi sunana ba.

Tsohon Edita:
Masana nawa, Malam?

Baban Ƙamus:
Ni da ɗalibaina. Kuma zan buɗe sabuwar magana a kan "yarjejeniya", don ita ma ban yarda da yadda kuke amfani da ita ba.